Aljihun Marubuci da Zubin Labarinsa: Tsokaci a Kan Marubutan Hausa Masu Zaman Kansu

1.0 Gabatarwa

Tun cikin shekarun 1990 manazarta suke ta kai-kawo game da ƙagaggun labaran da Ibrahim Malumfashi ya laƙaba wa suna "Adabin Kasuwar Kano", waɗanda Abdalla Uba Adamu da wasu suka tashi tsaye wajen kare martabarsu. Galibin wannan muhawara ta karkata ne ga jigon soyayya da batun tarbiyya. Wannan maƙala za ta dubi wani ɓangare da bai samu kulawa sosai ba, wato hanyar da marubuci mai zaman kansa yake samun kuɗin aikinsa, da yadda wannan hanya take bayyana a cikin zubi da tsarin labarinsa.

2.0 Marubuci a Ƙarƙashin Hukuma

Ƙagaggun labaran Hausa na boko sun fara ne a hannun hukuma. Gasar da R. M. East ya shirya a 1933 ita ta samar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa da sauransu. Daga baya aka kafa hukumar NORLA, sannan kamfanin NNPC a Zariya a 1966. A wannan tsari aikin marubuci shi ne ya miƙa rubutunsa. Gyara da ɗab'i da rarrabawa duk suna wuyan kamfani, kuma akwai edita da zai tace aikin kafin ya fita. Sai dai ƙofar tana da ƙunci, domin littattafai kaɗan ne suke fitowa, yawancinsu kuma an yi su ne da nufin shiga manhajar makarantu.

Da tattalin arzikin Nijeriya ya taɓarɓare, musamman bayan shirin tsuke bakin aljihu na 1986, takarda ta yi tsada, kamfanoni suka ja baya daga buga ƙagaggun labarai. A wannan giɓi ne marubuta masu zaman kansu suka ɓullo.

3.0 Marubuci a Matsayin Ɗan Kasuwa

Sabon marubucin shi ne mai rubutu, shi ne mai jari, shi ne kuma mai talla. Yakan biya mai buga tafireta, ya sayi takarda, ya biya maɗaba'a, sannan ya kai littafin ga dillalai a kasuwa, sau da yawa a bashi, sai an sayar ya bi sawun kuɗinsa. Ƙungiyoyi irin su Raina Kama, wadda Ado Ahmad Gidan Dabino da Ɗan'azumi Baba da Balaraba Ramat Yakubu suke cikin jagororinta, sun taimaka wa 'ya'yansu da shawarwari da tallata littattafan juna, amma ɗawainiyar kuɗi tana kan marubucin.

Wannan hali ya bar alamomi uku a jikin littattafan. Na farko shi ne rarraba labari ɗaya zuwa littafi na ɗaya da na biyu da na uku. Ƙaramin jari ba zai iya buga babban littafi ba, don haka cinikin kashi na ɗaya shi yake biyan ɗab'in na biyu, kuma dole a yanke labarin a inda hankalin mai karatu ya fi tashi domin ya dawo ya saya. Na biyu shi ne jan labari da dogayen hirarraki da wasiƙun masoya, waɗanda suke cika shafi ba tare da sun ciyar da jigo gaba ba. Na uku shi ne karya ƙa'idojin rubutu, kamar haɗe kalmomin da ya kamata a raba da yin watsi da haruffa masu lanƙwasa. An sha ɗora wannan laifi a kan ƙarancin ilimin marubutan, alhali babban dalilinsa shi ne babu edita a tsakanin marubuci da maɗaba'a, kuma babu kuɗin biyansa.

4.0 Misali Daga Alhaki Kuykuyo Ne

Kada a ɗauka cewa kasuwa ɓarna kaɗai ta yi. A cikin Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu (1990), Alhaji Abdu ya kori matarsa Rabi da 'ya'yanta bayan ya auro Delu, Rabi kuwa ta kama sana'ar sayar da abinci har ta tsaya da ƙafafunta. Marubuciyar ta bi lissafin cefane da kuɗin makaranta dalla-dalla, ta yadda mai karatu yake ganin zaluncin mijin ta hanyar abin da ke shiga tukunya. Da wuya littafin da aka tsara domin manhaja ya kutsa cikin gidan aure haka. 'Yancin da marubuciyar ta samu na yin magana kai tsaye da masu sayen littafinta, waɗanda akasarinsu mata ne, shi ya ba ta wannan dama. Aliyu Kamal ya fassara littafin zuwa Ingilishi, aka buga shi a Indiya a 2012, abin da ke nuna cewa aikin da ya fito daga kasuwa yana iya ƙetare ta.

5.0 Kammalawa

A yau kasuwar littafin takarda ta ja baya, marubuta da dama sun koma wayar hannu. Suna sakin shafukan farko kyauta a WhatsApp ko Wattpad, sannan mai son ci gaba ya tura kuɗi ta banki. Yanke labari a tsakiyar tashin hankali da jan zance sun ƙaru, domin kusan kullum ake jiran sabon shafi, kuma wanda ya biya yana iya tura labarin ga wasu ba da izini ba. Saboda haka mai tarke da ya yi wa waɗannan ayyuka hukunci ba tare da ya san yadda ake biyan mai su ba, ya bar rabin hujjarsa a baya. Sassan nazarin harsunan Nijeriya a jami'o'inmu kuwa suna da rawar takawa, ta hanyar horar da editoci da koyar da ɗalibai dokar haƙƙin mallaka da yadda ake ƙulla yarjejeniyar wallafa, domin a nan ne gyaran rubutun zai fara.