Hannun da Ke Auna Ƙarfe Ba Sikeli

Yaro ya juye buhun da 'yan gwangwan suka kawo, tsohon maƙerin ya tsuguna yana tsinta. Kan famfo, tsohon kwaɗo, ɓallin inji. Kowanne sai ya ɗora a tafin hannu, ya ɗan jinjina, ya jefa inda ya dace. Da ya zo kan wani fari mai kama da alminiyam, sai ya dakata. Ya kankare gefensa da wuƙa, ya matsa lemun tsami a wurin. Kumfa ta taso.

"Kai, ɗana, fid da wannan, kada ya kusanci wuta."

Magniziyam ne. Tsohon bai kira shi da wannan suna ba, amma ya san halinsa sarai.

A Sakkwato, da an ce ƙira sai hankali ya tafi Maƙera Assada. Sai dai ƙira iri biyu ce: akwai maƙeran baƙi, masu fartanya da gatari, akwai kuma maƙeran fari, masu tagulla da azurfa. Su na biyun da jan ƙarfe suka tashi. Tun a 1353 matafiyin nan Ibn Battuta ya tarar ana narka shi a Takedda, cikin Nijar ta yau, ana kai shi ƙasashe. Idan aka haɗa shi da tutiya sai ya ba da tagullar da ake zuba likkafa da adon doki, wanda ke walƙiya ranar hawan Sallah.

Me ya sa maƙeri ke son tagulla? Tana jin guduma. A buga ta ta miƙe. In ta yi tauri a mayar da ita wuta, ta sake laushi. Ba ta tsatsa irin ta baƙin ƙarfe, duhu kawai take yi, a goge da toka da tsamiya ta dawo amarya. Zallan jan ƙarfe kuwa, in ban da azurfa babu mai ɗaukar lantarki kamarsa, shi ya sa ɓarayi ba sa barin waya ta kwana lafiya. Aibinsa nauyi, ga cin gawayi: sai zafi ya kai digiri 1,085 yake narkewa.

Magniziyam baƙo ne, a cikin mota ya zo. Bitil ɗin Volkswagen da aka fara haɗawa a Legas a 1975, gidan injinta da na giyarta da shi aka yi, don kada bayan motar ya yi nauyi. Guntun da in na jan ƙarfe ne zai yi kilo 5, na magniziyam da ƙyar ya kai kilo 1. Ko alminiyam ya fi shi nauyi da kusan rabi, kuma wannan ɗan bambancin ne tafin tsohon ya ji. Amma magniziyam ba ya jure duka a sanyi, tsagewa yake yi. Gishiri da laima na cin sa. In aka ɗaure shi da jan ƙarfe a wuri mai damshi, shi ne zai zagwanye, jan ƙarfen na nan garas.

Babban haɗarin yana bakin wuta. A digiri 650 magniziyam yake narkewa, alminiyam a 660, don haka mai zuba tukwane na iya jefa shi cikin kasko bai sani ba. Da ya narke ya sha iska sai ya kama, da wata farar wuta mai kashe ido. Wanda ya rugo da bokitin ruwa ya ƙara mata ƙarfi ne, don tana fasa ruwan ta fitar da iska mai fashewa. Busasshen rairayi ake kifa mata.

Injiniya na da littafi da na'urar gwaji. Tsohon nan tafin hannu gare shi, da wuƙa, da rabin lemun tsami. In ka kai wa maƙeri tarkace ya ware wani ya ce ba ya so, kada ka yi masa gardama.