"Raunana" Ba Ta Isa Ba: Sharhi Kan Wani Sakaci Na Masu Fassara

Tun daga ƙamusun Bargery na 1934 zuwa na Skinner na 1965, Turanci da Hausa suke neman gane juna, amma har yau akwai gurbin da masu fassara a rediyo da jaridu suka ƙi gyarawa. Duk kalmar Turanci da ta shafi gushewar ƙarfi, sai a jefa mata "raunana", a wuce.

Bature ya rarrabe kalmominsa. Weaken ita ce uwa, ta game kowane irin raguwar ƙarfi. Debilitate aikin ciwo ne mai daɗewa a jiki. Enervate kuwa mutuwar jiki ce da rashin kuzari, ko da yake ɗalibai da dama sukan ɗauka ƙarin kuzari take nufi, don ta yi kama da energy. Undermine ɓarna ce da ake yi ta ƙarƙashi, a ɓoye.

Shin Hausa ta rasa irin wannan rarrabewa? Ko kusa. Manomin shinkafa a Tudun Wada ba zai ce shukarsa ta raunana ba, sai dai ta yi yaushi. Na Doguwa ya ce gona ta gaji, tana son taki. A Kiru, zazzaɓin damina yana galabaitar da mutum, zafin bazara ya saukar masa da kasala, mugun labari kuma ya sa jikinsa ya yi sanyi. Magini a Bebeji ya san ruwa zaizaye gindin katanga yake yi kafin ta faɗi, wato ainihin undermine ke nan, kuma ta dace da maƙarƙashiyar siyasa fiye da "raunana" nesa ba kusa ba.

Babbar illar ma ita ce "rauni" fuska biyu gare shi: rashin ƙarfi, da kuma ciwon sara ko faɗuwa. Na taɓa jin wani ma'aikacin lafiya a karkara yana karanta wa mata takardar da aka fassaro, cewa a kawo yaro asibiti in an ga "yana da rauni". Wata uwa ta juya ɗanta, ta duba ciki da baya, ta ce ita ba ta ga rauni ba. Yaron kuwa tamowa ta ci shi, wuyansa ya langaɓe. Da an rubuta "in ya rame ko ya langaɓe", da ba ta tsaya neman miki ba.