Jinjina ga Malaman Gona na Gaya da Ajingi

Da damina ta sauka a Gaya da Ajingi, wayar malamin gona ba ta hutawa. Manomi ya turo hoton kwalbar maganin feshi ta WhatsApp, malam ya duba ya ce: jan layin nan alamar guba ce mai tsanani, sa safar hannu da takunkumi. In ya zuba a jiki, a tuɓe riga, a wanke da sabulu. Wanda ya sha, kada a ɗura masa manja, a garzaya asibiti da kwalbar. Illar irin wannan magani ba ta tsaya a jiki kaɗai ba: a 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da waken ƙasarmu saboda yawan maganin ƙwari na dichlorvos a cikinsa. Malamai, Allah Ya saka muku da alheri.