Jinjina Ga Masu Koyar Da Darajar Kunkurun Teku

Yaron da ya tashi a Sagnarigu, a gefen Tamale, zai iya gama sakandare bai taɓa ganin teku ba, amma ruwan da ake kawo wa Tamale daga Nawuni na Kogin Bolta ne, kuma kogin nan a Ada yake faɗawa teku, gaɓar da macen kunkurun teku ke fitowa cikin dare ta haƙa rami ta saka ƙwai.

Ma'aikatan Sashen Kula da Namun Daji da ke tsaron yankin Songor na Ada da malaman kulob-kulob na Ghana Wildlife Society sun cancanci jinjina. Dokar Gana ta haramta kama wannan dabba tun 1971, sai dai doka ba ta kwana a bakin teku. Ma'aikatan da malaman nan ne ke shiga aji su nuna wa 'ya'yan masunta cewa uwa kan saka ƙwai kusan ɗari a rami guda, su yi kimanin wata biyu kafin su ƙyanƙyashe, kuma zafin rairayi ke sa ɗa ya fito mace ko namiji. Nan ne yara kan zaro ido. Daga nan sai maganar karnuka da aladu masu tone ramukan, da ledar da kunkuru ke haɗiyewa yana zaton abinci ne.

Aikin ba shi da tsoka, ga sintirin dare cikin sauro. A ganina ya kamata ɗaliban Kwalejin Horon Malamai ta Bagabaga su ari wannan darasi, ko don ledar fiya-wata da ta cika magudanan Tamale.