Gwanin da Ya San a Komo da Akuya

A ƙasar Kurfai da maƙwabtanta, daga Filinge har Damana ta Tondikandiya, inda Hausa da Zabarmanci ke cuɗanya a kasuwa ɗaya, akwai wata gwaninta da ba a biyan kowa ladanta, amma ni ina sa ta a sahun gaba: iya ɗaure mutum da tambaya, da iya kwance tambayar in an ɗaure ka. Yara kan buɗe fage da "Kulun kulufita", a amsa da "Gauta". Wannan sharar fage ce. Gwani na gaske shi ne tsohuwar ko dattijon da zai jefo maka magana 'yar gajeriya, ka kwana kana juya ta a ka.

Sirrin aikinsa shi ne ya san inda hankalinka zai ruga. In ya ce "Shanuna dubu, maɗaurinsu ɗaya", ka riga ka tafi garke kana auna tsawon igiya, alhali tsintsiya na jingine a bayan ƙofa.

Tambayar da ta fi burge ni ita ce ta mai ƙetare kogi. Mutum ya iso bakin ruwa da kura, da akuya, da damin harawa. Kwalekwalen ba ya ɗaukar komai sai shi da abu guda. In ya bar kura da akuya, an yi ɓarna. In ya bar akuya da harawa, haka nan. Kowa yakan gane a fara da akuya, tunda kura ba ta cin harawa. Daga nan ake cijewa. Ya kai kura, ta tarar da akuya. Ya kai harawa, akuya ta samu abin ci. Sai ka ga manyan mutane sun yi tsit, wani ya rantse ba mafita.

Gwani ba ya gaggawar ba da amsa. Zai dube ka ya ce, "Wa ya ce maka abin da ya haye ba ya dawowa?" Shi ke nan, ƙulli ya kwance. A kai akuya, a dawo a ɗauki kura, a sauke ta a komo da akuya, a ajiye ta a tafi da harawa, sannan a dawo wa akuya. Tuƙi 7 ke nan, ba wanda ya ci wani. Ba a taɓa kafa dokar hana komowa ba. Mai sauraro ne ya kafa wa kansa, ya kuma zauna yana yi mata biyayya. Iya hango irin wannan dokar ta banza shi ne duk gwanintar, kuma ba a samunta sai da yawan faɗuwa a gaban wanda ya fi ka.

Wannan tambaya ta yi yawo a duniya. Tana cikin wani tarin wasannin lissafi da ake danganta wa Alkuwin, malami a fadar sarki Sharlaman wajen shekara ta 800, da kyarkeci da akuya da kabeji. A 1967 wani likita ɗan tsibirin Malta, Edward de Bono, ya raɗa wa irin wannan tunani suna, wato ɓullo wa matsala ta gefe maimakon tunkarar ta gaba da gaba. Ya kyauta. Sai dai kakanninmu sun daɗe suna koyar da shi a tsakar gida, har da hukuncin wanda ya kasa: ya ce "Na ba ka gari", ya miƙa Baleyara ko Yamai kafin a faɗa masa amsa. Ina son wannan ƙa'ida ƙwarai, domin tana koya wa yaro amsa gazawa da bakinsa cikin raha.

Mai irin wannan kaifin kuwa ba ya tsayawa a hira, har gona da rijiya yake kai shi. A tambayi baƙo wane icce ne ke tuɓe ganye in damina ta sauka, ya tofo sabo in rani ya kama, zai ce babu. Manomin Kurfai ya san gawo ne, shi ya sa yake barinsa a tsakiyar gona: ba ya yi wa hatsi inuwa lokacin da yake neman rana, ganyen da ya zubar taki ne, 'ya'yansa kuma dabbobi ke ci a rani. A tambaya me ke cikin tozon raƙumi, ɗan birni ya ce ruwa, mahauci ya yi dariya, don kitse ne.

Ita kanta ƙasar tambaya ce. Filinge na zaune a cikin Dallol Bosso, kwarin tsohon kogi da ya taɓa gangarowa daga Azawak zuwa kogin Kwara. Ido bai ga ruwa ba, sai rairayi. Amma a cikin kwarin ruwan na kusa, ana tarar da shi ba tare da dogon tono ba, a kan tudun duwatsu kuwa sai an nutsa ƙwarai. Mai haƙar rijiya da ya ƙware yakan dubi kwanciyar ƙasa da irin itatuwan da suka yi kore a wurin tun kafin ya kafa diga.