Siffar Namiji a Wa'azin Ɗaurin Aure: Nazari daga Majami'un Sabon Garin Kano

Wa'azin ɗaurin aure reshe ne na adabin baka da manazarta ba su cika waiwaya ba, alhali yana da jigo da salo da masu sauraro kamar kowace waƙa. A majami'un Sabon Gari da ake sujada da Hausa, irin su na ECWA, a cikinsa ne ake zana wa ango siffar namijin da ake so ya zama.

Sau da yawa mai wa'azi yakan ɗora jawabinsa a kan sura ta 5 ta wasiƙar Bulus zuwa ga Afisawa. Yakan daɗe a kan aya ta 23, wadda ta ba miji shugabanci, sannan ya ƙawata ta da hotunan da ya aro daga kasuwa: mai shago, mai cefane, mai biyan haya da kuɗin makaranta. Dabara ce mai kama zuciya, domin da yawa daga masu sauraro a Kasuwar Sabon Gari suke neman abinci, kuma yaron shago ya san ba a yi masa kallon cikakken mutum sai ranar da ubangidansa ya sallame shi, ya buɗe nasa.

Raunin wannan salo shi ne ya auna mazantaka da aljihu. A watan Maris na 2016 gobara ta cinye shaguna masu ɗimbin yawa a wannan kasuwa. Magidancin da ya wayi gari jarinsa ya zama toka, idan ya yarda da ma'aunin da aka ba shi ranar aurensa, to ya rasa dukiya, ya kuma rasa kansa. Al'ada ta hana shi zubar da hawaye. Matarsa tana da Zumuntar Mata, inda ake mai da baƙin ciki waƙa a rera tare, shi kuwa sai ya haɗiye nasa.

Nassin da aka ɗauko bai tsaya a aya ta 23 ba. Aya ta 25 ta ɗora wa miji ƙauna irin ta Almasihu, wadda ta kai ga ba da rai. Bisharar Yohanna ta nuna Yesu yana kuka saboda rasuwar Li'azaru a sura ta 11, yana kuma wanke ƙafafun almajiransa a sura ta 13, aikin da bayi ke yi. Hausa ma ba ta rasa kalmomin da za su ɗauki wannan siffa ba. A nazarin da Kirk-Greene ya wallafa a 1974 kan mutumin kirki, gaskiya da amana da haƙuri da karamci suna cikin halayen da ya lissafa, yawan dukiya ba ya ciki.

Bahaushe ya ce namiji barkono ne, sai an tauna ake sanin yajinsa. Mai wa'azi ya san rayuwa za ta tauna angon da ke gabansa. Hakkinsa ne ya karanta masa surar har ƙarshe, ya ba shi ma'aunin da zai iya riƙewa ranar da babu shago.