Tsakanin Kanta da Tukunya: Nazarin Wurin Sha a Manyan Gidajen Kudancin Kaduna

A sababbin gidajen da ake ginawa a Kafanchan da Zonkwa da Samarun Kataf, musamman na manyan ma'aikatan da suka yi ritaya daga Abuja ko Legas suka dawo gida, akwai wani lungu a falo da ya zama kamar dole. Doguwar kanta ce da aka shimfiɗa wa dutse mai sheƙi, a bayanta madubi da allunan gilashi na jera kwalabe, a gabanta kujeru masu dogayen ƙafafu guda huɗu ko shida. Maigida ya ga hoton a waya, ya nuna wa kafinta, kafinta ya kwaikwaya. An kashe kuɗi, kuma sau da yawa aikin ya yi kyau. Amma ranar da gidan ya cika da baƙi, a Kirsimeti ko zaman makoki, sai ka ga an kwashi kujerun roba an yi gindin mangwaro, an bar kanta da tulin kwanukan abinci. Ba rashin wayewa ya kori baƙin ba. Fasalin ne aka aro daga wata rayuwa dabam.

Kanta kayan ciniki ce. An yi ta ne don ta raba mai sayarwa da mai saye, ta tsare kuɗi da kwalabe daga hannun wanda ya bugu. Awonta ma na tsayuwa ne: tsayinta kan kai santimita 105 zuwa 110, kujerarta kimanin 75, kowane mutum ana ware masa faɗin 60, a bar wajen 90 a baya don mai zubawa ya juya. Ta shiga gidajen Amurkawa sosai ne bayan dokar hana giya ta 1920 zuwa 1933 ta koya musu sha a ɓoye cikin gida, sannan bayan Yaƙin Duniya na Biyu masu sababbin gidaje suka riƙa kafa ta a ɗakin ƙarƙashin ƙasa. Ƙasa ce mai sanyi, baƙi 'yan kaɗan ne da aka gayyata, abin shan kuma na kwalba ne da zai shekara bai lalace ba. A Zangon Kataf kuwa zafi ake yi, baƙo ba ya jiran gayyata, kuma abin shan da ƙasar ta gada ba ya kwana.

Wannan na ƙarshen shi ne tushen komai. Giyar burkutu aikin kusan mako guda ce. Mace za ta jiƙa dawa, ta baza ta a rufe tana yayyafa ruwa har ta yi tsiro, ta shanya, a niƙa, ta dama, ta tafasa, ta bar ruwan ya kwana ya yi tsami, ta sake ɗora manyan tukwane a wuta na sa'o'i. In ya huce sai ta zuba ragowar ta baya don ta tashi. Ƙarfinta bai cika wuce kashi 3 zuwa 6 cikin ɗari ba, tana da kauri, tana cika ciki. Amma ba ta daina tashi bayan an sauke ta, don haka cikin kwana ɗaya ko biyu ta yi tsamin da ba ta shawuwa. Abin da ba ya ajiyuwa ba a yi masa wurin nuni. Dole a tara mutane su shanye shi yau, kuma duk tsarin wurin zama daga wannan larurar ya fito.

Duba gidan mai dafawa ranar da layi ya zo kanta, domin a ƙauyuka da dama matan kan raba ranaku ne don kada su kashe wa juna kasuwa. Rumfa ce ta ciyawa ko ta kwano, buɗe ta kowane gefe. An kewaye ta da bencina da kututturan itace, babu wanda tsayinsa ya wuce gwiwa. Tukunya na zaune a gefe guda cikin ɗan rami don kada ta tuntsure, kumfa na motsi a bakinta, mai giya na kan kujera 'yar tsugunno da ludayi a hannu da bahon ruwan ɗauraye ƙwarya kusa da ƙafarta. Wanda ya shigo zai gaida kowa kafin ya zauna. "Sannu da aiki, Mama, yaya ta yau?" Ita kuma ta miƙa masa ɗanɗano a ƙaramin ƙoƙo, "Taɓa ka ji, ɗana," in ta yi masa ya saya, in ba ta yi ba babu rigima. Idan an saya wa baƙo, mai masauki ne ke fara kurɓa a gabansa kafin ya miƙa masa, don zuciya ta kwanta. Kowa na ganin fuskar kowa. Dattijo ya san gurbinsa, saurayi ya san nasa, kuma in mutum biyu sun ƙaru sai a matsa kawai. Da'ira tana buɗewa, kanta kuwa in kujerunta shida ne, na bakwai a tsaye zai ƙare.

Kafin ta zama kayan sayarwa ma, giyar ta riƙe ayyukan da kuɗi ke yi yanzu. Da ita ake sallamar 'yan gayya a gona, da ita ake zuwa neman aure, ana kai ta wurin makoki da sulhu, kuma a tsohon addinin Atyap mata ne ke dafa wadda ake kaiwa ɗakin dodo. C. K. Meek, wanda ya rubuta kan Katab, wato Atyap, da maƙwabtansu a littafinsa na 1931, ya tarar da jama'ar da kusan babu wani taronta da ba a ajiye tukunya ba. In ban da na dodo, duk waɗannan a fili ake yin su, a tsakar gida ko ƙofar gida. Ɗaki na kwana ne da ajiyar hatsi.

To, daga ina ƙaunar kwalba ta zo? Turawan mulki ne suka sa mata daraja ta hanyar hana ta. Yarjejeniyar Brussels ta 1890 ta ba su hujjar toshe shigo da barasar Turai Arewa, dokar giya ta 1917 kuma ta sa yankin cikin wuraren da aka haramta sayar wa 'yan ƙasa. An bar wa mutanen kudancin Zazzau tukunyarsu, kwalba ta zama ta Bature da wanda ya samu izini. Da jirgin ƙasa ya mai da Kafanchan mahaɗa a 1927, garin ya cika da ma'aikatan reluwe daga Kudu, masu albashi da kulob da tebur da kujera. Aka fara yin giyar Star a Legas a 1949, kamfanin da ke yin ta ya buɗe masana'anta a Kaduna a 1963, kwalba ta sauko kusa da aljihun malamin makaranta. Tun daga lokacin ƙwarya ta zama alamar manomi, kwalba ta ɗan boko. A ganina kantar falo jikar wannan rabon ce. Shi ya sa aka fi kashe kuɗi kan madubi da fitilun da ke haska kwalabe fiye da wurin da mutum zai ajiye ƙafarsa. Wasu kwalaben ma babu komai ciki, an ajiye su ne don sunan da ke jikinsu.

Akwai kuma abin da hoton waya bai sani ba sam: a wannan yanki, duk taron da ya kai mutum ashirin, da wuya rabinsu su zama masu sha. 'Yan mishan na SIM da suka kafa tasha a Kwoi a 1910, daga baya a Kagoro, sun ɗauki barin burkutu a matsayin alamar tuba, kuma ECWA da ta gaje su tun 1954 tana kan wannan koyarwa. Katolika sun fi sassauci, amma gida ɗaya kan haɗa duka biyun. Ga Musulmi, Hausawan garin Zango da na Kafanchan da Fulanin rugage, waɗanda addininsu ya haramta giya, ya kuma hana su zama inda ake shan ta. Wanda ya kafa kanta a tsakiyar falo ya yanke wa kansa hukunci bai sani ba: Fasto zai zauna a takure, Alhaji abokin cinikin citta zai gaisa daga bakin ƙofa ya ce sauri yake yi. A ƙasar da ta ga rikicin 1987 a Kafanchan, ta ga na 1992 a Zangon Kataf, ta sake ganin na 2011, shigar maƙwabci falon maƙwabcinsa ba ƙaramin abu ba ne, bai kamata kayan ado su hana shi ba. Maginan Hausa sun warware irin wannan da zaure: baƙo na samun cikakkiyar tarba ba tare da an tilasta masa ganin duk abin da ke cikin gida ba. Dabarar ba ta wani addini ba ce, ta jera wurare ce daki-daki.

Saboda haka wanda ke da fili da hali, yana kuma son babban wurin tarbar baƙi da abin sha, gara ya fitar da shi daga falo gaba ɗaya. Rumfa mai zaman kanta a gefen tsakar gida, da hanyarta dabam, ta fi. A yi mata dakali na siminti ko dutse mai lanƙwasa kamar kofaton doki, tsayin santimita 45, a bar baki ɗaya buɗe don ƙara kujeru. Kada faɗin da'irar ya wuce mita huɗu ko biyar, in ba haka ba sai an ɗaga murya, hira ta rabu gida biyu. In jama'a sun fi haka, ƙananan da'irori biyu sun fi babba ɗaya, kuma dama dattawa da matasa ba sa son hira guda. Kanta ba a jefar da ita ba. A sauke ta zuwa santimita 90, a jingina ta da bango, ta koma wurin aiki mai famfo da wurin wanke kofuna, ta yadda maigida zai ɗebo ya dawo cikin baƙinsa ya zauna, maimakon ya tsaya a bayanta sai ka ce ɗan haya. Kwalabe a sa su cikin kabad mai ƙofar katako da makulli. Wanda ke so ya san inda suke, yara kuma ba sa tashi suna kallonsu kullum.

Sai ɓangaren da aka fi yi wa rowa, alhali shi ya fi yawan masu buƙata. Yankin nan ne cibiyar citta a Nijeriya, daga Kachia zuwa Jaba da Zangon Kataf, duk da annobar da ta cinye gonaki a 2023. Ga kunun zaƙi, ga zoɓo, ga kunun aya da na tsamiya, ga nonon da matan Fulani ke kawowa har ƙofa. Waɗannan sun cancanci teburinsu a ɗaya gefen rumfar, da kofunansu masu launi dabam da ba a taɓa zuba giya a ciki ba, da bahon wankinsu. Haka wurin gashi. Kafanchan na da ɗaya daga cikin manyan kasuwannin aladu a ƙasar nan, kuma gidaje da yawa na ci, don haka wanda ke son Musulmi ya ci tsire a gidansa da kwanciyar rai sai ya ware murhu da wuƙa da faranti, ya kuma bar baƙon ya ga an ware. Iyayenmu mata sun daɗe suna yin haka a bukukuwa, da tukunyar da ake ce wa ta baƙi. Abin da ya rage shi ne magini ya sa shi cikin zane tun farko.

Kayan gini kuwa damina ce alƙalinsu. Ruwan nan yakan fara tun Afrilu ya kai Oktoba, iska na kaɗo shi ta gefe, don haka bakin rufi ya zarce da aƙalla mita guda, daɓe ya ɗan karkata zuwa magudana. Katakon garin itace da ake matsewa, wanda kafintoci ke so don arha da santsi, yakan kumbura cikin damina biyu, gara ta ƙarasa shi. Maɗaci ko tik irin na dajin Nimbia sun fi jurewa, dutse kuma ga shi nan a gindin tsaunukan Kagoro. Tayil mai sheƙi a inda ake zubar da ruwa ana kuma sha, neman karaya ne. Batun sanyi, firji na da amfani in akwai sola, amma kada a raina randa. Tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, dabarar da ta ba Mohammed Bah Abba na Jigawa lambar Rolex a 2000, tana aiki sosai a busasshiyar iskar hunturu, kuma lokacin ne gidajen ke cika. Da damina kam ƙarfinta kan ragu.

Ba kuma duk abin da ke gidan burkutu ne abin koyi ba. Ƙwarya ɗaya da ke zagaya baki goma, da bahon ɗauraya da ruwansa ke wuni ba a canza ba, hanyar cuta ce. Mai dafawa kan kwana cikin hayaƙi, itacen da tukwanen ke ci ba kaɗan ba ne, kuma maza ne ke zaune ita ke tashi. Mafi muni shi ne makewayi: yawanci babu, sai bayan katanga, warin kuma ya sanar da duk unguwa. Sabuwar rumfa da ba ta da bayan gida biyu a kusa, na maza da na mata, wanda ƙofarsa ba ta kallon wurin zama, ta gaji aibin ta bar alherin. Haka kuma a yi tunanin nisa da tagar maƙwabci da ɗakin karatun yara, domin hira a fili tana tafiya da dare.

Abu na ƙarshe da ya kamata a lissafa shi ne cewa wurin ba zai cika ba sai kwanaki ƙalilan a shekara: Kirsimeti, bikin Afan na Kagoro ranar 1 ga Janairu, Ista, aure ko rasuwa. Sauran watanni ko dai ya zauna yana tara ƙura, ko ya yi wani aiki. Rumfar da ba a cika ta da kafaffun kaya ba za ta ɗauki taron dangi, zaman adashin mata, koyon waƙar zumunta, har da ɓoye citta da masara in hadari ya taso ana tsakiyar shanya. Don haka a bar mashigarta da faɗin da baro zai wuce ɗauke da buhu, kuma kada a sa mata matakala.